Inshorar da Ka Ƙara a Birazil

Kankia, bayan fitata takaba.

Zuwa ga maigidana, Baban Umma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah ya sa kana cikin rahama, ya yalwata maka makwanci. Na san wannan takarda ba za ta iso ka ba, ba kuma wanda zai karanta maka ita. Amma shekarun da ka yi a Birazil sun saba mani da yi maka magana kana nesa, kuma bakin bai daina ba don nisan ya ƙaru. Ka yi haƙuri ka saurara, yadda ka saba in na fara zuba.

Labarin gida tukuna. Damina ta yi kyau bana. Gonarka ta Fakuwa, wanka Yaya Sale ya sa an nome ta. Gero ya yi, dawar ce ruwa ya ɗauke mata da wuri. Umma ta shigo ajin da nake koyarwa, tana kirana Malama da wata irin murya da sai na cije leɓe kada in yi dariya gaban yara. Abba ya fara famfara, bakin gaba duk wawulo. Innarka tana Mawashi, ƙafar ce dai ke damunta kamar kullum. Dije, bafulatanar da ke kawo mana nono, har yanzu in ta sauke ƙwarya takan fara tambayar mutumin Birazil, sannan ta tuna, ta kama baki.

Abin da ya sa na ɗauki biro kuwa, maganar inshorar nan ce. Tun da aka yi rasuwar take mani yawo a kai, ina da tambayoyi, kuma kai kaɗai ke da amsarsu.

Ka tuna zuwanka na ƙarshe? Ina tsakar gida ina tsinke zogale, ka jawo kujera ka ce za ka yi mani bayanin wani abu. Ka ce a can asibitin gwamnati kyauta ne ga kowa har baƙo, sai dai layi, mutum kan daɗe yana jiran ganin babban likita. Ka ce kamfanin kajin da kake yi wa yanka ya yi wa ma'aikatansa inshora, amma ƙarama ce, iyakarta ƙananan ciwo da asibitin garinku. Shi ya sa ka ƙara wata a kanta, irin wadda ake yi don baƙi mazauna ƙasar wasu, ana cira daga albashinka duk wata. Ita ke kai mutum babban asibiti ba tare da jira ba. Ita ke ɗauko ɗan'uwa guda daga gida ya zo jinya. In kuma ta Allah ta kasance, ta mayar da gawa ƙasarsu, ko ta ɗauki hidimar binnewa a can.

Da ka zo kan wannan na ƙarshe na ce ka bari, ba na son ji. Wane irin mutum ne zai zo hutu ya zauna yana yi wa kansa fatar mutuwa? Ka yi dariya, ka ba ni labarin wani ɗan Senegal da kuke layi ɗaya da shi a wurin yanka, wanda ya rasu gawarsa ta daɗe a ɗakin sanyi, abokan aiki suna bi ɗaki-ɗaki da hula ana karo-karo. Na nuna kamar zogalen ya fi ɗauke mani hankali. To ka sani yau, ko kalma ɗaya ba ta wuce ni ba.

Yaya Sale ma ba ka samu goyon bayansa ba. Matarsa ta ba ni labarin gardamar da kuka yi a rumfarsa ta nama a kasuwa, yana sara yana cewa wannan rashin tawakkali ne, kuma abin ya yi kama da caca, ka zuba ka ci ko ka zuba ka rasa. Kai kuma ka ce limaminku na can ya ce lalura ce ga baƙon da ba shi da dangi kusa. Aka kira magariba ba wanda ya sauko, ka koma Birazil maganar tana nan a rataye.

Ina so in san yadda aka yi ranar da ka je yin ta. Ofis ne ko ta waya? Wa ya fassara maka yarensu? Da aka zo kan maganar gawa, me ka ji a ranka? Ka ɗan tsaya, ko ka wuce kamar mai cinikin taki? Ni na kasa gano yadda mai lafiya, wanda ya ci abincinsa da safe, zai zauna gaban wanda bai sani ba su tsara yadda za a yi da shi in ya faɗi.

Ranar da ka faɗi ɗin, dawowata ke nan daga makaranta, ko mayafi ban cire ba, sai ga kiran Abdu ɗan Maraɗi, abokin ɗakinka. Ya ce ka yanke jiki a wurin aiki, jijiya ce ta fashe a kai. Asibitin garinku suka ce abin ya fi ƙarfinsu. Abdu ya ciro katin ƙarin inshorar daga aljihunka ya kira lambar da ke jiki, kafin wani lokaci an turo mota ta kai ka babban birni, aka yi maka aiki a ranar. Ka farfaɗo. Rabin bakinka ya karkace, hannun dama ba ya motsi, amma kai ne, ka gane mu, ka gane muryar Inna. Kwanakin nan da muka samu muna ganin juna ta waya, kana sauraren haddar Umma, kana tambayar ko an yi huɗa a Fakuwa, Allah ne ya ba mu su, amma ta hannun abin nan da na hana ka ƙarasa bayaninsa suka zo. Na sha juya wannan a raina.

Sai kamfanin inshorar suka ce a faɗi wanda za a ɗauko daga gida ya zo jinya. Ka ce Yaya Sale. Na ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Amma yau zan tambaye ka: don me ba ni ba? Don yara ne da makaranta? Ba ka son in ga ana juya ka ana goge maka baki? Ko so kake wanda ya ce caca ce ya shiga jirgi da ita? Na san ka da irin wannan tsokanar, kana iya yin ta ko a gadon asibiti. Na fi son in yarda da wannan, don ita ce ke sa ni murmushi.

Yaya Sale, wanda bai taɓa wuce Kano ba, ya shiga mota ya tafi Katsina neman fasfo. Ya dawo yana mitar an sa shi cire hula an ɗauki hotonsa kamar wanda aka kama da laifi. Fasfo ya fito, aka aika neman biza Abuja. Ana cikin jiranta jijiyar ta sake fashewa. Ka cika da safiyarku, mu nan rana ta take tsaka.

Gida ya cika. Aka ɗauko Inna daga Mawashi, maza suka zauna a zaure da ƙofar gida, mata a ciki. Ban taɓa ganin zaman makoki irin wannan ba, ga mutane, ga kuka, amma ba wanka, ba makara, ba wanda ya san abin da za a yi gaba. Ana haka sai ga waya. Wata mata ce daga kamfanin inshorar, tana magana da yaren Fotugal, Abdu yana kan layi yana mayar mani da Hausa. Ta yi mani ta'aziyya, sannan ta ce sai ta tabbatar da ni take magana, in faɗi sunana, in faɗi cikakken sunan mijina.

Baban Umma, Inna na zaune gefena, Yaya Sale na tsaye bakin ƙofa. Duk zaman aurenmu ban taɓa kama sunanka ba. Na dubi Inna, ta sunkuyar da kai ta ce in faɗa. Na faɗa. Ya fito baƙo a bakina, kamar na wani da ban sani ba. Ka san haka za a yi lokacin da ka ba su sunana?

Matar ta ce hanya biyu ce. Ko a kawo ka gida, su ɗauki nauyin komai har filin jirgin Kano da motar da za ta iso da kai, ko a binne ka can su yi hidimar. Ta ce kuma maganar tawa ce, don ni ka rubuta, ba za su karɓi ta kowa ba.

A zaure kuwa an riga an yi nisa da shawara, ana tsammanin ta maza ce. Kawu Idi, ƙanen Inna, ya ce ƙasa duk ta Allah ce, a gaggauta a suturta mutum inda ya faɗi. Wasu suka ce tun da ga hali, ai ba a bar ɗa a hannun baƙi. Liman bai tsaya gefe ɗaya ba. Ya ce gaggautawa ta fi, ɗaukowa kuma ba haram ba ce in ba za a wulaƙanta gawa ba. Abdu ya ƙara mana da cewa in za a kawo ka, sai an yi maka allurar hana lalacewa, a rufe ka cikin akwatin ƙarfe, kuma takardun ƙasa biyu ba sa fitowa da wuri, kana ɗakin sanyi har su kammala.

Ka san wanda ya fi kowa dagewa a kawo ka? Yaya Sale. Shi ɗin dai. Ya zo bakin ƙofata, bai ɗaga labule ba, ya ce, "Rabi, an ce maganar a hannunki take. Ni dai ina son in sa ƙanena a rami da hannuna." Ya koma zaure.

Na sake kiran Abdu na tambaye shi ko ka taɓa faɗa mashi inda kake so. Ya ce abin da ya sani kawai ka ce ba ka son a yi yawo da hula saboda kai. Ka tsara mota, ka tsara asibiti, ka tsara jirgi, amma wannan guda ɗaya ka bar ta a buɗe. Mantuwa ce? Ko kai ma ba ka sani ba? Ko kuwa ka ga mai rai ya fi buƙatar zaɓin?

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba har yau. Ni so nake a kawo ka. Ba don wata hujja ba. So nake motar ta tsaya a ƙofar gidan nan, ka shigo ko da a kafaɗun mutane ne, ka ɗan kwanta a ɗakinka kafin a fita da kai. Na riga na shirya abin da zan ce wa matar.

Inna ce ba ta shiga shawarar ba tun da aka fara ta. Sai washegari bayan azahar ta ce in kira mata yaron nan na Maraɗi. Ta tambaye shi ko Musulmi na da maƙabarta a garin. Ya ce akwai. Ta ce tana son ta gani. Abdu ya nemi mota ya tafi, da ya isa ya kira mu da bidiyo. Na riƙe wa Inna wayar, ta karɓe ta kai kusa da idonta.

Jar ƙasa ce, Baban Umma, ja wur, kamar ta wajen Kusada in an yi ruwa. Ga dogayen itatuwa da ban san irinsu ba, ga kaburbura a jere duk sun fuskanci wuri ɗaya. Wani tsohon Balarabe mai kula da wurin ya ɗago hannu ya yi mana sallama. Bayan shinge gonar masara ce. Inna ta daɗe tana kallo. Ta tambaya ko mutane na zuwa, Abdu ya ce duk Juma'a in an sauko masallaci wasu kan biyo su yi addu'a. Ta tambaya ko masarar ta mutane ce ko ta dabbobi. Sannan ta miƙo mani wayar.

Ta ce, "Ƙasar irin tamu ce. Yaron nan kullum kukansa sanyi, wurin aiki sanyi, gari sanyi. Kada a ƙara ajiye shi cikin ƙanƙara." Ta gyara zama ta ce, "Amma ke aka tambaya."

Na kira matar na ce a binne ka can. Abdu da mutanen masallacinku suka yi maka wanka, suka yi maka salla, kafin ranarku ta faɗi kana makwancinka.

Yaya Sale ya ɗauke mani wuta. Bai fasa aiko da nama ba, bai fasa zuwa ganin yara ba, amma gaisuwa daga zaure take tsayawa. Ban ga laifinsa ba. Ana nan sai ga bizarsa ta fito, ba majinyacin. Na yi ta tunani, sai na sa Abdu ya haɗa ni da matar nan, na tambaye ta ko tikitin ɗan jinya yana mutuwa ne tare da mara lafiya. Ta ce in ba ta lokaci ta duba. Da ta dawo ta ce tun da ba a ɗauko gawa ba, ɗan'uwa guda na iya zuwa ya ga kabari ya kwaso kaya. Da aka faɗa wa Yaya Sale ya ce me zai je yi, mai aikin ya riga ya tafi. Inna ta aiko daga Mawashi cewa ya je. Ya tafi.

Da ka ga dawowarsa. Rumfarsa ta koma wurin jin labari, mahauta har barin nasu teburin suke. Ya ce an sa mashi fararen kaya da takalmin roba an shiga da shi inda kake aiki. Ya ga kaji a rataye kan sarƙa suna wucewa ba tsayawa, ga mutane a jere kowa da wuƙa, bakinsu na bisimilla kamar masu jan carbi. Ya ce shi da ke kayar da sa guda ya ji ya yi aikin yini, tsayawa ya yi baki buɗe. Aka ba shi wuƙarka, ya gwada kaifinta a farce, ya ce irin washin babanku ne, ba ka sake hannu ba. A ɗakinku ya tarar da kwalbar yajin da na daka maka, ka ci rabi. Ya ce mutanen ƙasashe iri-iri sun yi ta zuwa gaishe shi, har da wata mata mai dafa abincin ma'aikata, ba Musulma ba, ta tsaya gabansa tana hawaye ta ce mashi sannu da aiki, da Hausa. Ita ke nan Hausar da ta iya, kai ka koya mata.

Ba ka taɓa ba ni labarinta ba. Wa kuma ka koya wa? Me suke kiran ka a can? Abdu ya ce kai ke sa su dariya lokacin cin abinci. Da wane yare? Ni na san mai gajiya da ke kira bayan an tashi aiki, ya tambayi yara, ya tambayi Inna, ya yi hamma. Wancan na wurin cin abincin ban san shi ba, kuma ina jin da mun shirya.

Maganar inshora, Yaya Sale ya ce har yanzu ransa bai gama kwanciya ba, yana dai tambayar malamai. Amma ban ƙara jin ya kira ta caca ba. Mata kuma sun gano ni. Wadda mijinta ke tuƙi a Saudiyya, wadda ɗanta ke karatu a Malesiya, sukan shigo bayan la'asar su ce Malama, mene ne sunan abin nan, yaya ake yi. Ina faɗa masu iyakar abin da na sani, in ce su tambaya ko ta wurin aiki ta isa, su tambaya wa aka rubuta. Wata ta tambaye ni ko akwai irinta ga mu da ke gida. Na ce ni ma ina son in sani.

Na bar maka wannan a ƙarshe. Ranar Juma'ar da Yaya Sale ya yi a can, ina ɗaki bayan magariba sai ga kiran bidiyo daga wayar Abdu. Da na ɗauka fuskar Yaya Sale na gani, da hularsa da wata ƙatuwar rigar sanyi da na gane taka ce. Bai gaishe ni ba. Ya juya wayar.

Na ga kabarinka. Ƙasar ta kwanta, ciyawa ta fara fitowa a gefe, ga ɗan allo da sunanka. Ya tsayar da wayar a kai, bai sauke ba. Na yi maka sallama, na yi addu'ar da ta zo bakina. Na kira Umma da Abba suka leƙa. Ya riƙe har sai da ni na ce ya isa, Yaya, na gode. Sannan ya juyo da wayar ya ce, "Wurin yana da kyau, Rabi." Tun ranar ya koma shigowa har tsakar gida.

Daga baya na zauna ina tunani. Da an kawo ka an binne a Mawashi, da maza sun ɗauke ka sun fita, ni ina ɗaki, kuma har in mutu ba zan san gefen da kake ba, don ka san mu mata ba ma zuwa. Ga shi kana bayan teku, amma na san launin ƙasar da ke kanka, na san itacen da ke maka inuwa. Ban san ko na yi daidai ba. Wata rana in ji na yi, wata rana in ji motar nan da ba ta tsaya a ƙofar gida ba. Kai fa, da aka sauke ka cikin jar ƙasar, ka ji baƙunta?

Zan tsaya nan, an tashi yara daga Islamiyya, ga muryar Abba tun daga lungu. Allah ya jiƙan ka, ya gafarta maka, ya ba ka maƙwabta nagari a inda kake. Tambayoyin ina riƙe da su har mu gamu.

Taka,
Rabi, Maman Umma.